Injin dizal ya canza hali bayan sauya bel ɗin tayimin: ta ina za a fara bincike?

Tambaya: Assalamu alaikum. Motata mai injin dizal ce, silinda huɗu. Makon jiya aka sauya mata bel ɗin tayimin da tenshina da famfon ruwa. Tsohon bel ɗin bai tsinke ba, lokacinsa ne kawai ya yi. Tun daga ranar, da safe sai an daɗe ana murza makulli kafin ta tashi, in ta tashi kuma sai farin hayaƙi mai yaji a ido. Ba ta da ƙarfi a hawa, kuma ana jin wani siririn kuka daga gefen bel ɗin. Bakaniken ya ce nozul ne suka mutu, in sayo sababbi. Shin in saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka saya tukuna. Motar da ta shiga gareji da ƙafarta lafiya lau ta fito da ciwo, to a cikin aikin da aka yi mata ake fara neman ciwon, sai in bincike ya wanke aikin. Nozul sannu a hankali suke lalacewa, cikin watanni, kuma yawanci ɗaya ke riga sauran. Da wuya ƙwarai su haɗa baki su huɗu su mutu a ranar da aka taɓa bel. Alamomin da ka lissafa, wato wahalar tashi da sanyin safiya da farin hayaƙi mai yaji da rashin ƙarfi, sun fi kama da tayimin da ya makara. Kukan kuma yana nuni ga ɗaurin bel ɗin.

Kafin komai, ajiye motar. Injin dizal yana matse iska sau 16 zuwa 22, don haka idan fistan ya kai ƙololuwarsa, ratar da ke tsakaninsa da tof silinda ba ta wuce kimanin milimita ɗaya ba. Wurin da bawul yake sauka in ya buɗe, nan ne fistan yake hawa, bel ɗin ne kaɗai ke hana su haɗuwa ta hanyar ba kowa lokacinsa. Injina da yawa suna jure kuskuren haƙorin bel ɗaya su yi ta tafiya da ƙyar, amma haƙori biyu kan isa fistan ya doki bawul. Tunda akwai shakka a kan tenshina, wato abin da ke ɗaure bel ɗin, ba wanda zai ba ka tabbacin cewa bel ɗin ba zai tsallake haƙori na biyu gobe da safe ba. Kada kuma a tura motar don ta tashi, kada a ja ta da igiya a saki kulochi, domin wannan fizgar ce ta fi sa sakakken bel tsallake. A guji fesa mata maganin tayar da inji a bututun iska, yana fashewa kafin lokaci ya bugi fistan da ring.

Mutane suna raina haƙori ɗaya saboda a ido bai kai faɗin yatsa ba. Ga lissafinsa. Kiranshaf yana juyi biyu kafin kamshaf ya yi ɗaya, shi ya sa fulin kamshaf yake da haƙora ninki biyu. Idan fulin kiranshaf yana da haƙora 22, na kamshaf 44, to haƙori ɗaya ya haura digiri 16 na juyin kiranshaf. Injin dizal kuwa ba shi da fulogin tartsatsi, zafin matsewar iska ne ke kunna man, kuma dole a fesa shi daidai lokacin da zafin ya kai matuƙa. Digiri biyu ko uku ma ana jin su a tashin safe. Idan feshin ya makara da digiri 16, fistan ya riga ya fara sauka, iskar ta fara hucewa, sai man ya ƙi kamawa sosai, ya fita ta salansa a matsayin farin hayaƙi mai warin ɗanyen dizal. Wannan shi ne abin da ke yi maka yaji a ido. Da a ce feshin gaggawa ya yi, da za ka ji injin yana ƙwanƙwasa da ƙarfi kamar ana buga guduma a ƙarfe, musamman in an taka totur.

Akwai dalilin da ya sa makara ta fi gaggawa yawa bayan irin wannan aiki. Bel yana da ɓangaren da kiranshaf ke ja, da ɓangaren da tenshina ke tsuke rarar. In mai aiki ya bar ɗan sako-sako a ɓangaren ja lokacin da yake ɗora bel, maki, wato alamomin saita tayimin, duk za su nuna daidai a tsaye. Amma da zarar an juya injin, kiranshaf zai fara tafiya shi kaɗai har sai ya cinye wannan rarar, sannan famfon mai da kamshaf su biyo shi a baya. Shi ke nan an makara, alhali mai aikin zai iya rantsewa cewa ya ga maki sun hau, kuma gaskiya ya faɗa.

Gwajin farko ba ya buƙatar sifana. Idan dole sai an sake murza makulli, to a sa mutum ya tsaya a bayan motar ya kalli bakin salansa, kada kuma murzawar ta wuce daƙiƙa 10 zuwa 15 a jere. In hayaƙi yana fita alhali injin bai kama ba, mai yana isa silinda ke nan, ƙonewa ce ba ya yi, sai a nemi laifin a tayimin ko komfireshan ko hita, wato fulogin da ke ɗumama silinda kafin tashi. In babu hayaƙi ko kaɗan har sai can daga baya, man ne ba ya zuwa, sai a koma kan iska a layin mai, ko wayar da ke buɗe famfo, ko sensa. Wannan rarrabewar tana rage rabin wahala. A kuma shinshina hayaƙin. Na ɗanyen mai yana daɗewa a iska, yana da ɗan shuɗi-shuɗi. Tururin ruwan lagireto kuwa yana bajewa da wuri, yana da ɗan ƙamshi mai zaƙi-zaƙi in akwai ruwan sanyaya inji mai launi a ciki, kuma za ka tarar ruwan yana raguwa.

Ba ka faɗi nau'in injinka ba, kuma nan ne maganar ta rabu gida uku, domin aikin da bel yake yi ya bambanta.

Gida na farko su ne injinan da ke da famfon mai mai rarrabawa, irin Bosch VE da danginsa, wanda bututun ƙarfe huɗu ke fita daga bayansa zuwa nozul. Irinsu Toyota 2C da 3L, Peugeot XUD, Mitsubishi 4D56, da tsofaffin Volkswagen 1.9 TDI. A waɗannan, bel ɗin yana riƙe da lokaci iri biyu: na bawul da na feshin mai. Kamshaf zai iya zama daidai cif, famfo kuma ya kauce. Alamominka sun fi dacewa da wannan gida. A kan masu famfo zalla ba kwamfuta, bayan an tabbatar da maki, ana kwance notin da ke tsakiyar bututun huɗun nan, a ɗaura agogon awo mai allura, a auna yawan ɗagawar fulanjar famfo a lokacin da fistan na ɗaya yake ƙololuwa ko dab da ita. Kowane inji da adadinsa a littafinsa, kuma da kason milimita ake maganar. In ya kauce kaɗan, sai a sassauta notunan da suka riƙe famfon a ɗan murɗa jikinsa. A kan 1.9 TDI mai lambar ALH kuwa, kwamfuta tana sanin lokacin feshi ta wata sensa da ke jikin nozul na uku, kuma tana iya gyara ɗan kuskure in injin yana gudu. Abin da ba ta iyawa shi ne gyara shi a lokacin murza makulli, saboda matsin mai na cikin famfon bai taru ba tukuna. Shi ya sa irin wannan mota take wahalar tashi da safe amma ta ɗan warware in ta yi zafi. Ana duba ta da na'urar gwajin kwamfuta ta VCDS bayan injin ya yi zafi, a gyara ta notuna uku na fulin famfo, masu ramuka dogaye. Babban notin tsakiyar famfon ba a taɓa shi ko kusa, domin in ya motsa, saitin da aka yi a masana'anta ya tafi, fil ɗin kulle, wato ɗan sandan ƙarfen da ake zurawa a rami don tsayar da shaf a saitinsa, shi ma ba zai ƙara faɗin gaskiya ba.

Gida na biyu shi ne na Volkswagen da Audi da Skoda da Seat masu injin PD, inda kowace nozul take da ɗan famfonta, kamshaf ne ke danna ta. A nan fulin kamshaf yana da notuna uku cikin ramuka dogaye, kuma na'urar gwaji tana nuna kusurwar da ke tsakanin kamshaf da kiranshaf a rukuni na 004. Ana son adadin ya tsaya kusa da sifili. Wani kuskure da ake yawan yi: waɗannan injina suna da fulin kiranshaf iri biyu, mai cikakken zagaye da mai ɗan siffar ƙwai, kowanne da makullinsa, T10050 da T10100. In aka sa na wannan a wancan zai shiga, amma tayimin zai fita a karkace.

Gida na uku su ne na zamani masu bututun tara mai guda ɗaya da ke ciyar da dukkan nozul, irin HDi na Peugeot da Citroën, dCi na Renault, D-4D na Toyota, da sababbin TDI. A waɗannan, kwamfuta ce ke yanke lokacin feshi daga sensar kiranshaf, sensar kamshaf kuma ta gaya mata wace silinda ce ke kan matsewa. Famfon aikinsa tara matsi kawai. Wasu injinan suna da fil na daidaita shi, amma don sassauta wa bel nauyi ne da daidaita bugun matsin, ba shi ke sa lokacin feshi ba. To in haƙori ya kauce a nan, lokacin bawul ne ya lalace, iskar da silinda ke riƙewa ta ragu, kuma sau da yawa kwamfuta tana ganin saɓanin sensa biyun ta ajiye lambar matsala P0016 ko P0341. Wani lokaci ma ta hana injin tashi gaba ɗaya, kuma wannan alheri ne, da muguwar rawa gara ƙin tashi. A kan 1.4 da 1.6 HDi, zoben da sensar kiranshaf ke karantawa yana can wajen bel ɗin, mai maganaɗisu ne, kuma tsinin sukudireba ɗaya ya isa ya ɓata shi lokacin kwance fuli.

Ko wane gida ne naka, binciken tayimin hanyarsa ɗaya ce, kuma injin a sanyaye ake yin sa. A cire kan batir na nagetif, a sa giya a firi, a buɗe murfin bel na sama. A sa soket a notin kiranshaf a juya injin da hannu, sannu a hankali, ta inda yake juyawa in yana aiki. Ba a juya shi ta notin kamshaf. Hannu zai ji nauyi iri biyu, kuma dole a san bambancinsu. Nauyin komfireshan yana taruwa a hankali, yana da laushi, in ka dakata za ka ji iska tana tsiyaya, sai ya sake ka. Karon fistan da bawul kuwa tsayawa ce cak, ƙarfe kan ƙarfe. In aka ji wannan, a tsaya nan, kada a ƙara ƙarfi. In hitoci suna kwantuwa cikin sauƙi, cire su yana sa juyin ya yi sauƙi har hannu ya fi jin komai, amma in sun ciza a bar su, karyewar hita a cikin tof silinda wani babban aiki ne na daban.

A yi cikakken juyi biyu, a kawo fistan na ɗaya ƙololuwa. A tabbatar kan matsewa yake, wato ƙusoshin kamshaf masu danna bawul na silinda ta ɗaya duka biyu sun ɗaga daga kan bawul. Sannan a fara kulle kiranshaf, da fil ɗin da ke shiga fulayiwil ko makullin da ke hawa fulinsa. Daga nan a gwada fil ɗin kamshaf, a gwada na famfo. Fil ɗin da ya dace yana zamewa ciki da yatsu biyu. In sai an girgiza fuli ko an buga da guduma, tayimin bai zauna ba. In an wuce maki ko da kaɗan ne, kada a dawo baya a tsaya a kansa, domin komawa baya yana mayar da rarar bel ɗaya ɓangaren ya ba da amsar ƙarya. A koma baya kamar rubu'in juyi sannan a sake tahowa gaba, ko a sake zagayowa. Ƙusa ko ɗan ƙarfen da bai cika ramin ba shi ma yaudara ne, rarar rabin milimita a ramin fil tana iya zama digirori a kiranshaf.

Tambayi bakaniken cikin girmamawa: da fil ya kulle injin, ko da fenti ya yi maki? Amsar tana da nauyi. Makin fenti yana mayar da sabon bel inda tsoho yake ne kawai, shi kuwa tsohon ya miƙe. Bugu da ƙari, injina da dama fulinsu ba shi da kii, wato ɗan ƙarfen da ke hana fuli zamewa a kan shaf. Na kamshaf a ALH a kan tsini mai santsi yake zaune, noti ne kaɗai ke matse shi. Wasu injinan 1.5 dCi fulin kiranshaf ɗinsu haka yake. An yi su haka da gangan: a kulle shaf ɗin da fil, a sassauta fuli ya yi yawo, a ɗaure bel ta yadda ƙarfin jan zai rarrabu daidai ko'ina, sannan a matse fuli a inda ya tsaya. Wanda bai sassauta ba zai sami kuskuren rabin haƙori da babu yadda za a gyara shi ta matsar da bel. Wanda kuma ya sassauta ba tare da ya kulle shaf ba, fentinsa zai hau daidai a kan fulin da ya riga ya zame daga shaf ɗinsa. Makin da ke jikin babban fulin fanbel ma ba a cika dogara da shi ba, domin akwai roba tsakanin cikinsa da bayansa, in ta tsufa bayan yana zamewa da makin.

Sai kukan da kake ji. Siririn kuka mai hawa da sauka tare da totur, alamar bel ya ɗauru fiye da kima ne. Irin wannan ɗauri yana cin boris ɗin famfon ruwa da na tenshina da na famfon mai, kuma yana gajarta ran bel ɗin. Sakakken bel kuwa kaɗawa yake yi, yana bugun murfi, an fi jin sa a silo. Tenshina mai sifirin tana da ɗan tsini da ake so ya tsaya daidai wata tsaga, kuma bayan juyi biyun nan ake duba shi, ba lokacin da aka gama ɗaurewa ba. A duba ko ɗan harshen da ke bayanta ya shiga raminsa, domin in bai shiga ba jikinta duka ke juyawa. A duba ko ta inda kibiya ta nuna aka murɗa ta, murɗawa ta ɗaya gefen tana iya kawo tsinin kan tsaga amma da ɗauri na banza. Injinan da tenshinarsu ba ta da sifirin, da na'ura ake auna ɗaurinsu, kamar ma'aunin SEEM da littafin Peugeot ke kira, yatsa ba ya wadatarwa. A haska tocila cikin murfin: baƙin gari kamar toka, ko gefen bel da ya fara fitar da zare, yana nuna bel ɗin yana gogar wani abu ko wata fuli ta zauna a karkace. A kuma karanta lambar da ke bayan bel ɗin a gwada da ta injin, saboda bel biyu suna iya yin tsawo ɗaya amma siffar haƙoransu ta bambanta. Bayan an tabbatar da tayimin, ana iya cire fanbel a tayar da injin na ƙasa da minti ɗaya. In kukan ya ɗauke, ashe daga altaneta ne ko wata fuli ta waje.

Abu guda da nake so ka tuno da kyau: matsalar tun ranar farko take haka, ko kullum ƙaruwa take? In ƙaruwa take, a duba babban notin kiranshaf. A injina da yawa noti ne mai miƙewa, sau ɗaya ake amfani da shi, kuma da sifanar awo ake ɗaure shi sannan a ƙara kusurwa. A 1.9 TDI, misali, ƙarfin ɗaurin 120 Nm ne sannan a ƙara digiri 90. In aka mayar da tsoho ko aka ɗaure da ƙiyasi, fulin yana fara ɗan motsi, ya ci kii ɗinsa ko bakin shaf, tayimin ya riƙa makara kaɗan-kaɗan har ranar da bawul zai gamu da fistan.

In fil duka sun shiga lafiya, tenshina ma daidai, sai a bi sawun hannun mai aiki. Kafin a kai ga bel, ana cire abubuwa da yawa: kujerar inji, bututun iskar turbo, ƙananan tiyon iska, soket-soket, wani lokaci har da filtar mai. Layin mai da aka cire aka mayar da tsohuwar roba yana shan iska cikin dare, man ya koma tanki, da safe a yi ta murzawa. Ana gane wannan da guntun tiyo mai haske da za a sa tsakanin filta da famfo, a ga ko kumfa na wucewa. Bututun turbo da bai zauna ba yana huci in an taka, ya bar jiƙar baƙin mai a bakinsa, motar ta rasa ƙarfi, amma hayaƙinsa baƙi ne, kuma lambar P0299 kan fito. Wayar hita da aka manta ba a mayar ba tana kawo wahalar tashi da farin hayaƙi na 'yan mintuna, sai dai ba ta rage ƙarfi a hawa. Lafiyayyar hita tana nuna kusan om 1 a mita. Kada a gwada ta da wutar batir kai tsaye sai an san irinta, na zamani da yawa ba su kai masu volt 12 ba, nan take suke ƙonewa.

Na'urar gwajin kwamfuta tana da amfani fiye da karanta lambobi. A jona ta da safe kafin a tayar: zafin ruwa da na iska da na mai ya kamata su yi kusan daidai da juna, tunda motar ta kwana. In sensar ruwa tana cewa injin da zafi alhali da sanyi, kwamfuta ba za ta kunna hita yadda ya kamata ba. Lokacin murzawa, a ga ko na'urar tana nuna juyin injin, kamar 200 zuwa 250 a minti. In sifili take nunawa, sensar kiranshaf ce ko wayarta, galibi da lambar P0335. A injin zamani a kalli matsin bututun tara mai, yawancinsu sai ya kai wajen bar 200 zuwa 300 kafin kwamfuta ta yarda ta buɗe nozul. Kuma a irin wannan inji ba a sassauta bututun ƙarfe don fitar da iska yayin da ake murzawa ko injin yana aiki, kamar yadda ake yi wa tsofaffi. Matsinsa yana iya haura bar 1,600, feshinsa yana huda fata.

Saura abin da ba a so a ji. Tayimin da ya zauna daidai yau ba shaida ba ce cewa bai taɓa kaucewa ba. In an juya kamshaf ko kiranshaf da ƙarfi lokacin da bel ba ya kai, ko an fara ɗora shi ba daidai ba aka buga kik sannan aka gyara, bawul zai iya lanƙwasa kaɗan, ya daina rufewa ruf. Awon komfireshan ne ke tona wannan, da geji na dizal, ta ramin hita ko na nozul. A 1.9 TDI lafiyayye ana samun bar 25 zuwa 31, ƙasa da 19 ya gaza, kuma bambanci tsakanin silinda kada ya wuce bar 5. In wata ta faɗi, a kawo fistanta ƙololuwa a hura mata iska daga kwamfuresa a saurara. Huci ta bututun shigar iska bawul ɗin shiga ne, ta salansa na fita ne, ta murfin zuba baƙin mai ring ne, kumfa a ruwan lagireto kuma gasket ne. A buɗe murfin saman inji ma a duba, saboda a HDi rokoki ne kan karye, a Volkswagen kuma kofunan da ke kan bawul ne kan tsage, kuma tsagaggen kofi yana iya yin makonni kafin ya watse.

Tunda an sauya famfon ruwa, a tabbatar an fitar da iska daga hanyar ruwa. In hitar cikin mota tana busa sanyi alhali injin ya yi zafi, ko allurar zafi tana hawa da sauka, iska ta maƙale. A leƙa ƙasan murfin bel a ga ko ruwa ko baƙin mai na ɗiga, bel ɗin da ya sha ɗayansu ya tashi daga aiki. In kuma motar ta koma karkarwa fiye da da, a duba notunan kujerar inji. A 4D56 akwai ƙaramin bel na biyu mai juya shaf biyu da ke kashe girgiza, shi ma da makinsa, in ya kauce motar duka rawa take.

Sai an wuce duk waɗannan sannan a zo kan nozul, kuma gwada su ake yi kafin a saya. A injin zamani ana jona tiyo huɗu masu tsawo ɗaya a hanyar da rarar mai ke komawa, kowanne cikin kwalbarsa, a bar injin a silo na minti biyu zuwa uku, a gwada yawan abin da ya taru. Wadda ta zubar da ninkin na sauran ita ce abin zargi. Na tsofaffin injina kuwa ana ɗora su a famfon gwaji a ga matsin da suke buɗewa da kyawun feshinsu. Adadin gyaran da kwamfuta ke nunawa ga kowace silinda shi kaɗai ba hujja ba ne, domin silinda mai lanƙwasasshen bawul ita ma haka za ta nuna, a ɗora wa nozul laifin da ba nata ba.

In bincike ya nuna saiti ne kawai ya ɗan kauce, kuma injin yana da fuli mai dogayen ramuka, ana gyarawa ba tare da an cire bel ba. Amma in ya tsallake haƙori, ko ya yi mako yana kuka saboda tsananin ɗauri, ko gefensa ya ci, shawarata a sa sabon bel da sabuwar tenshina, da sababbin notunan da littafi ya ce ba a maimaita su. Bayan an gama a ja sandar awon baƙin mai: in ya haura maki ko yana warin dizal, ɗanyen man da bai ƙone ba ya gangara ciki, a juye shi tare da filta. In motar tana da matatar toka a salansa, a duba yawan abin da ta tara a wannan makon. Sannan a goge lambobin kwamfuta, a bar motar ta kwana, a gwada ta da sassafe injin a sanyaye, domin tashi a gareji bayan ta riga ta yi zafi ba ya nuna komai. Ka turo lambar injinka, ana samunta a jikin bulok ko a takardar da ke manne a murfin bel, sai a gaya maka ainihin fil ɗin da yake buƙata da ƙarfin ɗaurin kowane noti.